Kiɗan Mace a Kan Gawar Dakura

Ni Ziem, ramin zinariya ya rufta a kaina a kudu, na fito da ƙafafuna. Shekarar sanƙarau ciwon ya share gidaje a ƙauyenmu, ya leƙo ɗakina, ya ga ba wurin zamansa, ya wuce. Kububuwa ta sare ni, ita ce ta mutu. Ban taɓa ɗora gindina a bencin makaranta ba, amma duk wanda ya mutu a wannan gefe na Nandom tun ina saurayi, hannuna ne ya sanar wa duniya. Ni da abokina Dakura.

Gyil, abin kiɗanmu, guda biyu ake ajiyewa gaban gawa, kowanne da jeren itacensa a kan duma, ɗaya yana ja, ɗaya yana amsawa. Mutane suna cewa Dakura ne mai ja. Na ƙyale su suna faɗa, don mutum ne mai saurin fushi.

Da damina ya mutu. 'Ya'yansa suka sa shi a firjin asibiti kamar kifi, wai sai an gama girbi kowa ya samu hutu. Da lokaci ya yi, babban ɗansa Silbanus, mai shagon kayan mota a Kumasi, ya iso da rumfuna da kujerun roba da lasifika masu tsayin mutum. Ya tara mu a gindin ɗorawar gidansu don a tsara kiɗan makoki. Uwarsa Ayuo tana zaune gefe.

Silbanus ya ce, "Baba Ziem, mun gama tsara komai. Mawaƙan coci za su buɗe, sai masu lasifika. Kafin a raba shinkafa kuma sai ka ɗan taɓa mana na gargajiya, baƙi su gani."

Na ce, "Baƙi su gani? Biri ne ni?"

"Haba Baba, ba haka nake nufi ba."

"Kai yaro, ranar da aka haife ka ni na goyo ubanka daga gidan burkutu. Gyil ba ya bin bayan kowa, shi ke fara magana. Mutum yana gonarsa, kafin wani ya kai masa labari, a kiɗan yake jin namiji ne ya tafi ko mace. In ba ni zan buɗe ba, ku binne shi da garmahonku."

Ayuo ta ce, "Ziem, wannan taurin kan naka ko akuya ba ta da shi. Abokinka ne fa. Ko a ƙarshe ne ka kaɗa masa."

"Ke kuma, tun kina amarya kike zuba mini miya ba nama ina haƙuri. Wannan kam ba zan haɗiye ba."

Silbanus ya ciro wayarsa yana murmushi. Ya ce, "To shi ke nan, kowa ya huta. Ina da kiɗan babana a nan, da hannunsa, na taɓa ɗauka. Gyil ne zai buɗe kamar yadda kake so. Shi zai kaɗa wa kansa."

Ƙannensa suka hau tafi. Har wata ta share hawaye, wai abin ya yi kyau. Na ɗauki sandata na tafi gida. Silbanus bai tambaye ni komai a kan kiɗan ba. Ni kuwa ba na bin yaro da shawarar da bai nema ba.

Washegari da hantsi ina zaune a ƙofar gidana, gona ɗaya ce tsakaninmu da su. Na ji janareta ya tashi. Sai kiɗa ya fito, da ƙarfin da gyil bai taɓa yi ba tunda aka halicce shi. Hannun Dakura ne, ko a kabari zan gane shi, yadda hagunsa ke ɗan makara kamar mai ɗingishi. Na ce a raina, to, yaron ya ci.

Ban gama wannan tunani ba kunnena ya gaya mini abin da ake kaɗawa. Kiɗan mace ne.

Ina neman takalmina sai muryar mawaƙi ta biyo baya, tana kiran suna: Yuora, mai burkutun da ba ya tsami, Yuora ta bar tukunya a kan wuta. Yuora matata ce. A makokinta yaron ya ɗauki kiɗan, ranar da aka ɗaure mini wuyan hannu da igiyar fata ana riƙe da ni kamar yadda ake yi wa mijin mamaciya, Dakura ya zauna ya kaɗa mata shi kaɗai, tunda miji ba ya kaɗa wa matarsa. Na binne ta sau ɗaya na tashi da ƙafafuna. Ga shi lasifika ta tono mini ita.

Na ratsa karan dawa ina tafiya. Ban kai ba sai ga matan tsallaken rafi a guje, hannuwa a ka, suna kururuwa. Su sun san ranar makokin Dakura ce, daga nesa kuma ba a jin suna, kiɗa kawai ake ji. Suka ji na mace daga gidansa, suka gama lissafinsu.

"Wayyo Ayuo! Ta bi mijinta! Ayuo ba ta iya jira ba!"

Suka faɗo cikin fili suna birgima, sai ga Ayuo zaune a kan tabarma, ido buɗe, tana kallonsu. Wata tsohuwa, ƙawarta tun ƙuruciya, ta yi baya ta faɗi a kan kujerun roba.

Ayuo ta ce, "Ku ci gaba mana. Me ya tsayar da ku? Ina jin daɗin abin da kuke faɗa."

Ga Dakura an zaunar da shi a kan dandamali, cikin rigunansa na saƙi, baka a cinya, kwari a kafaɗa, garma a gefen ƙafa. Mutumin da ya taɓa tsayawa gaban ɓauna, lasifika tana yabonsa da iya tuƙa tuwo. Baƙin Kumasi suna gyaɗa kai, wayoyi a sama, wai al'ada ta burge su. Wani Bafarafare, daga abokan wasanmu, ya tsaya gaban gawar ya riƙe ciki.

Ya ce, "Dakura, ashe zane ya kamata a ɗaura maka! Shekara da shekaru kana ɓoye mana!"

Shi yana da ikon faɗa, ba mai hana shi. Dariyar da mutanenmu suka yi ce ta ƙona ni.

Na nufi janareta na fizge igiyar wutarsa. Wuri ya yi tsit. Silbanus ya taho da sauri, baƙar rigarsa mai hoton uban a ƙirji.

"Baba, lafiya? Kiɗan babana ne fa!"

"Kiɗan babanka ne, amma ba nasa ba ne. Ka sanar wa ƙauyuka uwarka ta mutu, ka tashi matata daga kabari, ka mai da ubanka mace. Duk kafin rana ta take. A Kumasi ake koyar da wannan?"

Ya dubi uwarsa, ya dubi matan da ke karkaɗe ƙasa daga zannuwansu.

Na ce a fito da gyil. Aka fito da biyun don sabo, aka ajiye su fuska da fuska. Na zauna a nawa. Ɗayan ba wanda ya zauna. Na duba taron nan kaf, da jikoki da surukai da masu karatu, babu mai iya riƙe sandar kiɗa.

Na kaɗa na namiji. Na yi waƙar da bakina, tunda mawaƙanmu duk sun riga mu gidan gaskiya. Na kira Dakura, na kira ubansa da kakansa, na faɗi ɓaunar, na faɗi gonar da ya nome shi kaɗai shekarar da fari ya kori kowa. Duk inda ya saba shigowa da hagunsa sai in bar wurin fanko, ban cike masa ba. Ni na ja ranar, kowa ya gani. Mawaƙan coci ma sun ajiye littattafansu suna kuka. Maza suka tashi suka yi rawar makoki, aka watsa kuɗin wuri a gaban gyil har ya rufe mini ƙafa. Ba a taɓa kiɗa irin wannan a ƙasarmu ta Dagara ba, kuma ba za a sake ba.

Da na ajiye sanduna, Ayuo ta miƙo mini ƙwaryar burkutu. Ta ce, "Ni dai an riga an yi kukana. Ranar tawa ba wanda zai zo a guje, za su ce lasifika ce."

Ina cikin sha sai ga Silbanus ya durƙusa gabana, idanu jajur, waya a hannu.

Ya ce, "Baba, ka fitar da mu kunya. Na ɗauka duka, daga farko har ƙarshe. Wannan karon na namiji ne, babu kuskure. Na adana shi da kyau. In ranarka ta zo, ba za mu sha wahala ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Sunan Dakura ne a cikin waƙar daga kai har ƙafa, da ɓaunarsa da gonarsa. Za su zaunar da ni a kan dandamali, ni Ziem, su kunna muryata tana yabon wani, baƙi suna gyaɗa kai.

Na shanye burkutuna na mai da ƙwaryar. Na ce masa ya riƙa sa wa wayar caji, don zai daɗe yana jira. Rami bai iya da ni ba, sanƙarau bai iya ba. Tun daga ranar na ƙara yawan tuwon da nake ci.