Waliyiya Mai Cikin Auduga

Herminia tana cusa auduga a ƙaramin matashi, Don Anselmo ya leƙo shagon ɗinkinta.

"Ƙara, Herminia, ƙara. So nake na can baya ma su ga cikin."

Shi ne shugaban wasan Waliyiya Mencía, wanda ƙauyen ke yi duk bazara tun da wani fada na cocinsu ya rubuta shi a zamanin kakannin kakanni. Kowa ya haddace labarin: budurwa ta yi ciki ba miji, gari ya kore ta da jifa, rijiya ta ƙafe, ruwa bai dawo ba sai da suka je suka durƙusa mata.

Bana Nieves, 'yar Herminia tilo, aka zaɓa ta fito a waliyiyar. Tun lokacin sanyi take haddar baitoci. Sai ga ciki ya fito, na gaske, saurayin kuma ya cika wandonsa da iska.

"Don Anselmo, yarinyar nan ta iya wasan fa. Ko matashin ma ba ta buƙata."

"Haba, Herminia! Waliyiya guda? Ai sai yarinya mai kamun kai. 'Yar ƙanwata za ta yi."

Yana fita, Nieves ta ɗaga labule daga ciki.

"Mama, in kika ɗinka musu abin nan, ranar wasan zan hau motar Burgos. Ba kuma zan dawo ba."

"Ke dai da baki! In ban ɗinka ba, wa zai sake kawo mini ɗinki a garin nan?"

Ta ɗinka, har da maɗauri mai kyau. Ta ce a ranta fushin yara ne.

Ranar wasa dandali ya cika maƙil. Matan da suka daina amsa gaisuwar Nieves a gidan burodi, ga su a sahun gaba suna sharɓar kuka saboda auduga. Herminia ta waiga neman Nieves, ba ta gan ta ba. Can ta jiyo ƙahon motar Burgos.

Ta kutsa cikin mutane, gwiwa na ciwo, amma ko da ta isa tasha hayaƙi kawai ta tarar. Daga dandali lasifika ta kawo muryar mutanen garin cikin wasan baki ɗaya: "Yafe mana, 'yarmu! Dawo gida!"

Da aka watse, Don Anselmo ya same ta zaune a bencin tasha.

"Hannunki da albarka, Herminia. Cikin nan kamar gaske! Adana mana shi, baɗi ma shi za mu sa."