Matattu Ba Sa Ba da Tauraro

Tari ne ya tashi Mitwalli daga barci, amma ba irin na mutum ba. Kamar an rufe tsoho a cikin garwa: kuf, kuf, sai ɗan fito siriri, sai shiru. Ya shafa gefen gado, matarsa Gamalat ba ta nan. Ana gab da kiran asalatu, a tsakiyar watan da Misirawa ke kira Tuba, lokacin da sanyin Alƙahira ke shiga har cikin haƙori. Ruwa na zuba a banɗaki.

"Maman Nirmin?"

Ruwan ne kawai ya amsa.

Ya tarar da ita zaune a ƙasa, ta jingina kai da bango, hannu ɗaya a jiƙe, ɗaya a bushe. Sama da kanta, hitar gas ɗin da ta shekara goma sha huɗu tana dafa musu ruwa na ci da wata wuta mai ruwan ɗorawa, tana rawa kamar mai neman gudu. Ya rufe famfo, ya ja matar zuwa falo, ya buɗe ƙofar baranda. Sai da aka idar da salla a masallacin layin sannan idonta ya tsaya wuri ɗaya.

"Jinina ne ya sauka," in ji ta. "Daina kallona kamar an aiko maka da ta'aziyya."

"Sati nawa kina fitowa daga ciki da ciwon kai?"

"To wataƙila na shiga ban yi addu'a ba, masu wurin suka taɓa ni."

"Masu wurin ba sa tari," in ji Mitwalli.

Da safe mai kyamis ya auna jininta ya ce lafiya lau yake. Wannan lafiyar ce ta fi komai tsorata shi. Jibi 'yarsu Nirmin za ta zo da jaririnta ɗan kwana biyar, ta zauna har arba'in. A banɗakin nan za a riƙa yi wa yaron wanka, ƙofa a rufe saboda sanyi.

Ya zauna da waya da tabarau, ga wake da burodi a gabansa suna hucewa. Kafin hantsi duk benen ya san Alhaji Mitwalli na neman sabuwar hita. Madam Su'ad, wadda ƙofarta ke kallon tasu, ta turo murya ta minti huɗu: mai tambarin giwa, ita ƙanwarta ta saya. Girgis tela, na hawan ƙasa da su, ya rubuto cewa giwa ta lalace tun bara, a nemi mai hoton rana. Nirmin ta turo bidiyon wani mai gyararren gemu da ba shi da sana'a sai buɗe kwalaye yana murmushi. A shafin sayar da kaya na intanet, ƙarƙashin kowace hita akwai taurarin yabo, mutum dubu huɗu sun ba wannan biyar, dubu uku sun ba waccan. Mitwalli ya bi maganganunsu da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana motsa leɓe. Ta iso da wuri. Kwalin ya yi kyau. Ruwa kamar wuta, Allah ya saka.

Shekara talatin ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa, kuma abu ɗaya aikin ya koya masa: waɗanda suka hau kaɗai ake ƙirgawa. Wanda jirgi ya bari a tasha ba ya cikin lissafin kowa. Ya ajiye wayar a hankali. Duk mutanen nan da suka rubuta, sun fito daga banɗaki da ƙafafunsu.

Ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa kasuwar Ataba, ya taka zuwa layin masu kayan wuta. Hitoci a rataye sahu-sahu, farare, duk fuskarsu ɗaya, kamar 'yan gida ɗaya da suka haɗa baki.

"Alhaji, shigo, ka haskaka mana shago," in ji wani mai shago mai ƙaton zobe. "Ga ta nan. 'Yar Italiya ce."

Mitwalli ya leƙa bayanta. "Nan wata ƙasa aka rubuta."

"Uwarta ce 'yar Italiya."

"Ta taɓa kashe wani?"

Mai shagon ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Wace irin tambaya ce wannan da rana tsaka? Shekara tara ina sayar da ita, wallahi ko mutum ɗaya bai taɓa dawowa da ƙorafi ba."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Mitwalli.

Ya shiga shago bakwai. A na biyar an ce masa giwa da rana duk kamfani ɗaya ke yin su. A na shida an rantse masa ƙarya ne. A na bakwai aka ba shi kujera da shayi, aka tambaye shi ko yana da wani babba a gida da za a yi magana da shi. Ya fito, ya tsaya bakin titi, yana ganin a ransa Nirmin durƙushe gaban baho, tururi na tashi, hannunta na saki a hankali, kan yaron na zamewa.

Sai ga ɗan gwangwan ya wuce da amalanke, yana kiran "Bikya, bikya," tsohon firji da ƙafar gado a kai. Mitwalli ya bi amalanken da kallo, wani tunani ya sauko masa. Gidan da hita ta yi kisa ba sa gyara ta, ba sa ajiye ta. Kafin a share makoki sun cire ta sun miƙa wa irin wannan mutumin, ko nawa ya bayar. Idan akwai inda matattu ke barin ra'ayinsu, to can ne.

Ya bi amalanken har ƙarƙashin wata gada, inda ake tara kayan. Mai wurin wani tsoho ne mara haƙoran gaba, ana ce masa Abu Samra, yana zaune kan injin wanki yana jin ɗumi a bakin gwangwani. Bayansa hitoci ne jibge, wasu sun yi tsatsa, wasu ko ledar jikinsu ba a gama ɓarewa ba.

"Sayarwa ko saye, Alhaji?"

"Tambaya. A cikin waɗannan, waɗanne ne ka ɗauko daga gidan mutuwa?"

Abu Samra ya daɗe yana kallonsa. "Kai ɗan sanda ne ko mahaukaci?"

"Jikana zai zo jibi."

Tsohon ya tashi, ya ɗauki sanda, ya soma nunawa. "Wannan amarya ce, kwana goma da biki. Wannan ɗalibi. Waccan mata da miji, shi ya shiga ɗauko ta." Giwa ce ta farko. Ta biyu rana. Ta uku sak wadda uwarta 'yar Italiya ce. Akwai masu tsada, akwai masu araha, har da wadda mai gyararren gemu ya rungume a bidiyo.

"To wacce ce ba ta cikinsu?" in ji Mitwalli.

"Babu. Duk na ɗauka." Abu Samra ya tofar da yawu. "Ni ba na duba sunan jiki, kilo nake saye. Amma ni nake shiga in kwance su da hannuna, shekara ashirin da wani abu. Gidan mutuwa, kafin in gama kwance ƙusa huɗu kaina ya yi nauyi. Ka ɗaga ido neman taga, sai ka ga an cusa mata jarida, ko kwali, ko an buga katako an shafe da fenti, wai kada sanyi ya shigo. Wuta ma numfashi take yi, Alhaji. In ka hana ta iska, da naka za ta yi. Kafin nan kuma tana gargaɗi, tana tari. Taka ta fara?"

Mitwalli ya juya ya tafi, ko sallama bai yi ba.

A cikin jirgi yana ta kallon hannuwansa. Farkon sanyin bana, da Gamalat ta yi kukan gwiwa, shi da kansa ya auna tagar banɗakin, wadda ke buɗewa cikin ramin iskar da ke tsakiyar benen. Ya yanko katako, ya buga, ya liƙe gefe-gefe, ya shafa shuɗin fentin da ya rage daga ƙofar baranda. Ya yi kyau har ya riƙa kiran mutane su gani.

Magariba ta kusa da ya iso. Gamalat ta dubi hannunsa, babu kwali.

"Yini guda, Baban Nirmin? Ko ba su ƙera wadda ta dace da kai ba tukuna?"

Ya wuce ta, ya ɗauko guduma a ƙarƙashin gado, ya hau kan bokiti. Bugu uku katakon ya tsage, na huɗu ya faɗa cikin ramin. Iska mai sanyi ta bugi fuskarsa, da warin soyayyen albasa na gidajen mutane. Ya zura kai waje yana shaƙa.

Sai ya duba ƙasa. Taga ta hawa na huɗu, shuɗiya. Ta hawa na uku, shuɗiya. Ta Madam Su'ad, da ke fuskantarsa, shuɗiya. Duk wanda ya zo ya gani ya yaba, shi kuma Mitwalli ba ya iya ƙin maƙwabci, fentin ma ya isa. Taga uku ya buga wa maƙwabta da hannunsa, kofin shayi kawai ya sha a kan kowace.

A bututun hawan da ke ƙasa da su ruwa na gudu. Lokacin da Girgis ke rufe shago ya yi wanka ke nan. Mitwalli ya riƙe numfashi. Daga bayan shuɗin katakon ya jiyo shi, a hankali: kuf, kuf.

Ya diro daga bokitin, takalmi ɗaya ya zame, bai tsaya ɗauka ba. Ya buɗe ƙofa da gudumar a hannu, Gamalat na bin sa tana kiran sunansa. Madam Su'ad na tsaye bakin ƙofarta, riƙe da waya, hoton giwa a fuskar wayar. Ta bi su da kallo suna gangara matakala, tsoho da ƙafa ɗaya ba takalmi, yana tsallake biyu-biyu.

"Alhaji," ta leƙa ta saman ƙarfen benen, "a ƙarshe dai wacce za mu saya?"