Fim ɗin da Baba Ya Nema

Tana cikin ce wa wani mutum ya ɗaga haɓa ya daina murmushi sai wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne.

"Darakta, Baba ya ce ki zo asibiti yanzu, ki taho da fim ɗinki."

"Wane fim?"

"Kina da wani ne bayan shi?"

Ba ta da wani. Sunan Darakta 'yan gidansu suka laƙa mata tun ranar da ta bar karatun haɗa magunguna ta koma sashen zane da fim a jami'a. Yanzu ga ta a shagon hoton fasfo, tana ba da umarni ga 'yan wasan da ba sa wuce minti biyu a gaban kyamara. Ilimin zanen ma bai tashi a banza ba, ita ta rubuta allon shagon, mai shagon ya ce haruffan sun cika yanga.

Ta nemi izini, ta saɓa jakar kwamfutarta ta hau bas. Da yamma za a yi wa Baba aikin ido. Na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ne za a taɓa, likita kuwa bai yi alkawarin komai ba. Baba bai taɓa neman ganin fim ɗin ba. Ranar da ta gama karatu abin da ya ce kawai shi ne, "To, Allah ya sa a ci abinci da shi."

A cikin bas ta riƙa tuno abin da za ta nuna masa. Fim ɗin baƙi da fari ne, babu magana ko ɗaya. Wata mata ce zaune a bakin taga tana jiran wanda bai zo ba, famfo na ɗiga a bayanta. Malaminta ya kira shi ƙarfin hali, ta yi mako tana faɗa wa ƙawaye, sai daga baya ta gane kalmar baki biyu gare ta.

Ta tarar da Baba zaune a gado cikin rigar asibiti, ya rame, yana ta murza gefen zanin gado.

"Baba, ba dole ne yau ba. Ka bari ka warke."

"In ban warke ba fa? Kunna."

Ta ɗora kwamfutar a teburin cin abinci, ta matso masa da ita har kusa da hanci. Dattijon gadon kusa, mai bandeji a ido ɗaya, ya juyo. Matarsa ta ajiye lemon da take ɓarewa ta jawo kujera. Kafin a ce me, mai shara ma ya jingina tsintsiya. Darakta ba ta taɓa samun 'yan kallo masu yawan haka ba, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Famfo ya yi ta ɗiga. Matar taga ta yi ta kallon waje.

Can dattijon ya yi gyaran murya. "'Yata, yaushe za a fara?"

"An yi nisa, Baba."

"Af. To madalla."

"Baiwar Allah," in ji matarsa, "ba ta da mai leƙa ta ne? Ko waya ba za ta buga wa wanda take jira ba?"

Darakta ta buɗe baki za ta yi bayanin kaɗaici da ma'anar ɗigar ruwa, irin wanda ta cika shafuka da shi aka ba ta maki, sai ta ji wani sauti da ba ta sa a fim ɗin ba. Baba ne. Kansa ya langaɓe a matashi, baki a buɗe, yana jan munshari.

Ta rufe kwamfutar a hankali. Dariya ta zo mata, hawaye suka riga ta.

Wata nas da ta shigo da abin awon jini ta tsaya turus. "Barci yake? Tun da aka kwantar da shi bai runtsa ba, tsoro ya hana shi. Me kika ba shi?"

Darakta ta nuna kwamfutar.

"Don Allah ki tura min. Akwai wasu da suka kasa barci a ɗakin mata."

Ta tura mata. Wannan ne karon farko da wani bare ya nemi aikinta da bakinsa, ba za ta tsaya zaɓen kasuwa ba.

Da aka zo tafiya da shi ɗakin tiyata, Baba ya farka yana laluben hannunta.

"Ya yi kyau ƙwarai," ya ce. "In an cire bandeji sai mu ci gaba daga inda na tsaya."

"A ina ka tsaya, Baba?"

"Inda sunanki ya fito da manyan haruffa, nawa na biye da shi. Na karanta da kaina."

Wannan a mintin farko ne. Ta gyara masa bargo, ta bi gadon har bakin ƙofar da ba a barin kowa ya wuce.