Ashirin a Takardar Gado na Bakwai

Abokan aikinta sun laƙaba mata Sista Ashirin, ita ma dariya take yi idan an kira ta haka. Zafin jiki da hawan jini tana aunawa, tunda na'ura ke yi. Amma ƙirga numfashi sai an tsaya minti guda cur ana kallon ƙirjin marar lafiya. Ita kuwa sai ta rubuta ashirin, adadin numfashin mai lafiya, ta yi gaba. Ba muguwa ba ce. Ganda ce da ita, kuma a asibiti ganda ma kisa take yi.

A gado na bakwai akwai wani kafinta mai ciwon huhu. Da hantsi matarsa ta tare Sista.

"Sista, don Allah duba min maigidan. Maganarsa ta koma guntu-guntu."

"Mama, yaushe kika zama likita ba mu sha biki ba? Gajiya ce, bar shi ya huta."

Ta rubuta ashirin. Da tsakar rana ta sake. Likita ya zo zagaye a gurguje, ya tarar kafinta ya lumshe ido, ya duba takarda, ya wuce.

Da yamma dattijuwar shugabar ɗakin ta shigo. Ta riƙe hannun kafinta kamar mai jin bugun jini, don kada ya gane ana ƙirga masa ya sauya numfashi, idonta na kan ƙirjinsa. Fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, leɓɓansa sun yi duhu.

"Talatin da takwas," ta ce, ta juyo ga Sista. "Ke 'yar nan, tun yaushe yake haka?"

"Ɗazu ashirin ne, Anti."

"Kin ƙirga?"

Sista ta sunkuyar da kai.

Aka jawo tukunyar iska, aka kira likita da gudu. Kafinta bai kai faɗuwar rana ba.

Matar ta ƙulle kwanoninsu a zani, ta zo ta tsaya gaban Sista, idanu jawur.

"Na gode, 'yata. Ina gani kina ta zuwa kansa kina rubutu. Kin yi iya yinki."

Sista ta juya. Ta ɗauki agogo ta nufi gado na takwas, ta tsaya tana ƙirgawa. Kafin ta ankara mintin ya cika. Ashe bai fi haka tsawo ba.