Kafar Allura

"Iya, kin kashe mu!" in ji Lami, tana tattara duwatsun ado da suka watse a tabarma.

Iya Uwani, maƙwabciyarsu, tana kwance a ɗakinta, ciwo ya cinye ta, amma bakin nan yana nan daram. Rigar da Husaina, 'yar Lami mai shekara tara, ta yi kwana biyu tana ɗinka wa duwatsu, ita tsohuwar ta lalubo ta warware tas.

"Na warware. Gobe ma in ta shigo da ita zan warware."

Rigunan na Alhaji Ɗantani ne, dillalin da ke rarraba su gida-gida a unguwar Jakara, a gama a kai Legas, daga can sai Turai. Yara yake so, wai idonsu ya fi kaifi. Tun da aikin ya shigo Husaina ba ta ƙara leƙa aji ba.

"Ina shekara bakwai aka ɗora min allura," in ji Iya, tana nuna idanunta da suka yi fari. "Kalle su. Soja ma sun saki mulki sun koma bariki bana, ku kun ƙi sakin yarinya."

Lami ta ja 'yarta suka fice, ranta a ɓace. Tsohuwa ba ta san kuɗin cefane ba, sai iyayi.

Ran Alhamis da hantsi Iya ta cika.

Mata suka taru ɗinkin likkafani. Kamar kullum, aka nemi yarinya ta zura zare. Aka miƙa wa Husaina, gwanar unguwa. Ta lashi bakin zaren, ta kai, ya zame. Ta sake. Ta matso da allurar har tana taɓa hancinta, ta kanne ido ɗaya, hawaye na bin kuncinta.

"Umma, ba na ganin kafar."

Lami ta karɓi allurar. Tsoro ne ya fara kama ta, sannan kunyar matar da ke kwance a ɗaki.

Ranar sadakar uku Alhaji Ɗantani ya zo gaisuwa, ya aiko a tambaya ko kaya sun kammala. Lami ta yafa mayafi, ta ɗauko ƙunshin da kanta, ta dire shi a soro gaban maza.

"Alhaji, ga kayanka. Ba a gama ba, ba kuma za a gama ba."

"Haba Malama, jirgi fa ba ya jira."

"To ya tashi. Matan Turai su saka rigarsu haka, ba za su mutu ba."

Ta juya ba ta jira amsa ba.

A tsakar gida Husaina na zaune da tsohon littafinta na aji uku, ta kai shi dab da fuska. Can gefen kwata, kaza na tsattsagar wani ɗan dutse shuɗi, tana yarwa, tana sake ɗauka.