Inna Ba Ta Fito Ba

Tun da sassafe Dakta ya iso jami'a, ya sha aski, ya sha turare, ya aro kujeru daga ɗakin taro ya jera su a ofishinsa. Ranar yaye ɗalibai ce, ranar da yara ke jan iyayensu ofis-ofis suna nuna musu waɗanda suka yi musu ɗawainiya. Bana kuwa Dakta yana da abin jira. Ɗalibarsa da ake kira Auta ce ta zo ta ɗaya a tsangaya, kuma shi ya duba aikin bincikenta har jan bironsa ya ƙare. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: uban yarinyar ya shigo, ya riƙe hannunsa, ya ce masa ya gode.

Matsalar ita ce ƙofar da ke kallon tasa. Can sakatariyar sashe take, wata dattijuwa mai ciwon gwiwa, tsakanin injin kwafi mai nishi da tulin fayil. Ɗalibai ba sa ce mata sakatariya, Inna suke ce mata. Shi kuwa, duk karatun da ya zuba, Dakta ne kawai, kuma da rawar murya ake faɗa.

Aka tashi daga taro, baranda ta cika da riguna da huluna masu tuntu. Dakta ya buɗe ƙofarsa wangale, ya ɗauki wani littafi yana yi kamar karatu. Iyaye suka riƙa zuwa, su leƙo, su ce "Sannu da aiki," su juya su faɗa wurin Inna. Daga can sai shewa da addu'a. Wata uwa har kuka take, wai da ɗanta ya kwanta a asibiti Inna ce ta yi ta hawa bene da wannan gwiwar har aka ba shi damar sake jarrabawa.

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi," in ji Dakta a ransa. "Mu mu koyar, ita ta kwashe albarka. To hawa bene digiri ne?"

Gaskiya dai kishi ne ya ci shi, irin wanda ke sa miyau ya yi ɗaci. Ya san matar ba ta taɓa yi masa komai ba sai alheri. Ita ke tuna masa ranar taro, ita ke lallashin ɗaliban da ya kora da tsawa. Sanin hakan ma shi ya ƙara ƙona masa rai.

Can sai ga Auta ta shigo da sauri, hula a karkace, fuska kamar gonar auduga.

"Malam! Wallahi kai nake nema. Babana ya zo."

Dakta ya miƙe har littafin ya faɗi. Ya gyara wuyan riga, ya nuna kujera.

"Madalla, ki shigo da shi mana."

"A'a Malam, yana wurin Inna. Don Allah zo ka ɗauke mu hoto, kowa hannunsa a cike."

Ta danƙa masa wayarta. Ya bi bayanta.

Uban wani tsoho ne siriri, ya tsaya kusa da Inna yana ta sa mata albarka. Ya ce lokacin da 'yarsa ta tattara kaya za ta bar karatu saboda jinyarsa, wannan baiwar Allah ce ta kira shi a waya, ta ce ko da rarrafe sai yarinyar ta gama.

Inna ta ce, "Baba, ai ga malaminta nan, shi ya yi babban aikin. Dakta, shigo cikin hoton mana."

"Bar shi, Hajiya," Dakta ya ce a daƙile. "Ku matsa dai."

Tsohon ya ɗaga masa hannu. "Sannu malam. Ka ɗauke mu da kyau."

Dakta ya ɗaga waya. Su ukun suka bayyana a fuskar wayar, hannun Auta a wuyan Inna. Shaiɗan ba ya rasa aiki. A hankali ya karkatar da wayar gefe, har ba abin da ya rage na Inna sai kafaɗa da gefen mayafi, sannan ya danna.

Auta ta karɓa ta duba, murmushinta ya ɗauke.

"Kash! Malam, Inna ba ta fito ba. In babu ita ai hoton ba shi da amfani. Sake mana, don Allah."

Ya sake karɓar wayar. Wannan karon ya sa Inna a tsakiya, ya jira har ta gama goge ƙwallarta da bakin mayafi. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Auta ta rungume wayar tana murna, ta ce bugawa za ta yi, babba, ta rataye a ɗakin babanta.