Kwamfutar Yaya

Auta ya sake danna maɓalli, ɗan farin layin ya ci gaba da ƙyaftawa a baƙin allon, ko harafi ɗaya bai fito ba.

"Tun safe haka allon nan yake kallona," in ji yayarsa, shugabar makarantar, tana tsaye a kansa. "Gobe iyaye za su zo karɓar sakamakon 'ya'yansu. Me zan ba su? Baƙin allo?"

Shi ya rubuta mata wannan 'yar manhaja. Ba ta da hoto ba ta da ado, umarni kawai ake rubuta mata, ta tattara makin ɗalibai ta fitar wa kowa da takardarsa. A kwamfutarsa gudu take kamar ruwa a gangare. Ta Yaya kuwa tsarinta daban ne, irin wanda Auta ya daɗe yana cewa ba ya taɓawa ko da sanda.

"A tawa dai lafiya lau take aiki, Yaya."

"To ɗauko taka ta zo ta zama shugabar makaranta."

Malaman da suka cika bencin ofis suka sunkuyar da kai suna murmushi. Malamin lissafi ya ce, "Injiniya, ko mu koma biro da takarda ne?"

Auta ya cire agogo, ya naɗe hannun riga. Ya sa manhajar ta riƙa faɗin duk inda ta kai. Ta karanta maki, ta jera sunaye, ta zo wurin ajiye takardu, sai ta yi cak. Ya bi layukan da ya rubuta da yatsa, zufa na bin bayan kunnensa. Can sai yatsan ya tsaya.

Ashe tambaya take yi: akwai takardun zangon da ya wuce, a rubuta a kansu? A tsarin kwamfutarsa tambayar takan fito nan take. A na Yaya sai ta maƙale a ciki ba ta bayyana, manhajar kuma ta zauna jiran amsa. Layi ɗaya ya manta, wanda zai tura rubutun waje. Da ya taɓa gwadawa a irin wannan kwamfuta, da tuni ya gani.

Ya ƙara layin da ya manta, ya sake ba da umarni. Tambayar ta fito, ya amsa, firinta ta yi tari ta fara aman takardu. Malamai suka taso kowa na neman na ajinsa.

"Laifin wa?" in ji Yaya.

"Rashin fahimta ne kawai tsakanin manhajar da kwamfutar."

"Auta, ni na goya ka. Laifin wa?"

Ya sosa ƙeya. "Nawa."

Sai da ofis ya rage daga shi sai ita ya yi ƙasa da murya. "Yaya, ko za ki riƙa ara mini kwamfutar nan ƙarshen mako? In na rubuta abu in gwada a kanta tukuna."

Ta ci gaba da sa hannu a takardu, ba ta ɗago ba. "Bayan duk zagin da ta sha? Sai ka ba ta haƙuri."

Auta ya leƙa ƙofa, ya tabbata ba kowa. Ya shafa murfin kwamfutar.

"A yi haƙuri, Hajiya."

"Ba ta ji ba," in ji Yaya.